ABIN DA KE ƘARƘASHIN FENTI — Shafi na 17

Masu turo min saƙo wai na rataye ku na tafi, na ji. Kafaɗata ce ta hana ni riƙe waya. Masu cewa kuma in bar tseren mota in zauna in tatsi shanuna kamar mace mai hankali, ku ma na ji, na gode, ba zan bari ba.

Kun san inda muka tsaya. Ranar Asabar wajen gwaji a filin tseren Tarrabin, ina shiga kwana ta huɗu sitiyari ya mutu a hannuna, mota ta miƙe ta daki katangar tayoyi. Ni na fito da ƙafata. A wannan kwanar ce yayana Jarrod bai fito ba, shekara shida da suka wuce.

To, ga abin da ya biyo baya.

*

Safiyar Lahadi Baba ya leƙo kicin da takalmin robarsa, ko zama bai yi ba.

"Tegan."

"Na'am, Baba."

"Motar nan, kada wanda ya taɓa ta sai na gama tatsa."

"Dubawa kawai zan yi."

"Na ce kada a taɓa."

Ya ja ƙofa. Na bi shi da kallo ta taga har ya shige wajen shanu.

Tun jiya nake lura da shi. Kafin likitan fili ya gama haska min ido, Baba ya riga ya lulluɓe gaban motar da tamfol ya ɗaure da igiya. 'Yan kulob suka matso za su leƙa, ya ce a ba shi wuri. Baban da idan ka kuskura ka tsaya kusa da motar nan sai ya ba ka tarihin kowane noti har shayinka ya huce.

Shi ya kawo min ita, a akwatuna. Irin motar nan ce da ba a sayarwa a haɗe, firam, wato ƙarafan ƙashin jikinta, daban, inji daban, kai za ka ɗaure abarka a gareji. Ya ce firam ɗin sabo ne fil daga wani kamfani a Adelaide, da baƙin fentinsa ya zo. Sanyi biyu muka kwashe ni da shi muna haɗa ta.

Ban gama shayin ba na ji akori-kurar Bron a tsakar gida.

Bronwyn ƙawata ce, tana walda a shagon gyaran injinan gona a garin Maffra. Ita ce Yaya Jarrod zai aura. Bayan rasuwarsa ba ta daina zuwa gidanmu ba, har nakan manta ba 'yar gidan ba ce.

Ta diro tana ƙwala kira.

"Ina direbar nan da ta ga katanga ta ɗauka ƙofa ce?"

"Ga ta, ba ta mutu ba, sai ki yi haƙuri."

"Kash. Ni da na sa ran gadon hular kwano."

"Kanki ba zai shiga ba."

Ta yi dariya ta rungume ni ta ɓangaren da ba ya ciwo. Sai na ga abin da ke ɗaya hannunta. Injin yankan ƙarfe ne, da sabon faifai a jikinsa.

"Wa ya ce ki zo da wannan?"

"Sai an ce? Tseren ƙarshe saura mako biyu, ko kin manta? Mu je mu ga ɓarnar da kika yi."

Ban kira ta ba. Ban kuma gaya mata abin da ya karye ba.

Na bi bayanta.

Muka kwance igiya muka yaye tamfol. Hancin motar ya farfashe. Tayar gaba ta hagu ta kwanta gefe kamar ƙafar maraƙin da ya karye. Bron ta durƙusa, ba ta yi wani lalube ba, hannunta ya tafi kai tsaye.

"Ga shi. Kunnen ƙarfen da ke riƙe hannun taya ne ya ɓalle daga firam."

Na sunkuya. Rabin kunnen yana manne da firam, ɗaya rabin yana lilo a jikin hannun tayar da notinsa.

"Abu mai sauƙi," in ji ta. "In yanke guntun, in goge wurin, in ɗora sabo. Kafin tsoho ya gama da shanunsa mun gama."

"Baba ya ce kada a taɓa."

"Ke? Yaushe kika fara jin maganar Baba?"

Ta jona wayar injin a bango. Na sa ƙafa na taka wayar.

"Tsaya tukuna. A fara goge fentin mu ga ko tsagewar ta shiga firam."

"Ba ta shiga ba."

"Ta ina kika sani?"

Ta kalle ni. Na kalle ta. Ta ajiye injin ta yi tsaki.

"Miƙo samfefa, sarkin taurin kai."

Ni na goge da kaina, da hannun da ke aiki. Baƙin ya fita. Ƙarƙashinsa ruwan toka, na share fage. Na ci gaba don in kai ga farin ƙarfe.

Ban kai ga farin ƙarfe ba.

Wani fenti ne ya fito. Ruwan lemo.

Hannuna ya tsaya.

"Bron."

"Me?"

"Zo ki ga."

Ta leƙo.

"Sabon firam," na ce, "me ya kawo tsohon fenti a jikinsa?"

"Wataƙila haka kamfanin ke yi."

"Su shafa ruwan lemo sannan su rufe da baƙi?"

"Tegan, motoci masu ruwan lemo sun fi dubu a ƙasar nan."

"Na ambaci wata mota ne?"

Ta kau da ido daga firam ɗin.

Duk wanda ya taɓa zuwa Tarrabin ya san motar Yaya Jarrod. Ruwan lemo ce har firam ɗinta, shi ya fesa ta da hannunsa, wai don a hango shi tun daga nesa a fara tsorata. Bayan hatsarin Baba ya ce ya kai ta inda ake matse tsofaffin motoci, a gaban idonsa aka dunƙule ta. Haka ya gaya min. Haka ya gaya wa kowa.

Na zagaya bayan kujera na goge. Ruwan lemo.

Na goge ƙarfen gefe. Ruwan lemo.

"Ki bari haka," in ji Bron. "Kina lalata fenti a banza."

Ban saurare ta ba. Na tuna wani abu. Yaya Jarrod dogo ne sosai, gwiwarsa na dukan sitiyari, sai ya matsar da matakan birki da totur gaba. Sabbin ramuka uku ya huda. Ni na riƙe masa tocila. A na ukun abin hudar ya zame, ramin ya fita a karkace, ya yi ta zagi har Mama ta leƙo ta ce ya wanke bakinsa.

Na kwanta a ƙasa duk da kafaɗar na tura hannu ƙarƙashin matakan.

Yatsana ya ji su. An toshe su da walda, an goge, an rufe da fenti, amma suna nan.

Ɗaya. Biyu.

Na ukun a karkace.

Ban san lokacin da na fito daga ƙarƙashin motar ba. Na dai ga kaina a zaune a kan siminti, bayana jingine da bango, ina kallon kujerar da na shekara ina zama a kai ina dariya ina ɗaga wa mutane hannu.

"Tasa ce," na ce.

Bron ta rufe baki da hannu. Wannan firgitar tata ta gaske ce, na rantse. Fuskarta ta yi fari fat.

"Ba zai yiwu ba. An matse ta. Ya ce an matse ta."

"Ke ma ba ki sani ba?"

"Ta ina zan sani?"

Ƙofar gareji ta yi ƙara.

Baba ne, da warin madara a jikinsa. Ya kalli tamfol a ƙasa. Ya kalli samfefa. Ya kalli tabon ruwan lemo guda uku a jikin baƙin ƙarfe.

Ya cire hularsa a hankali.

"Na ce kada a taɓa."

"Motar waye wannan, Baba?"

"Taki."

"Kafin ta zama tawa."

"Bronwyn, ba mu wuri."

"Ba inda za ta. Da Yaya bai mutu ba, mijinta ne. Motar waye?"

"Ki rage murya."

"Shanu ne za su ji? Su ji! Ka ce min daga Adelaide ta zo."

"Injin daga Adelaide ya zo."

"Ba injin nake tambaya ba!"

Ya jawo tsohon bokiti ya kife ya zauna. Ban taɓa ganin Baba ya zauna a gareji ba. Kullum a tsaye yake, ko a durƙushe da sifana.

"Ta Jarrod ce," ya ce.

Na san amsar tun kafin ya faɗa.

"Ba ka kai ta an matse ba."

"Na kai ta har bakin ƙofar wurin. Na juyo."

"Ina ka ɓoye ta?"

"Tsohuwar rumfar ciyawa, ta bayan dam."

"Shekara uku tana can, ina wucewa ta gabanta kullum da tarakta?"

"Eh."

"Sannan ka fito da ita ka shafe ta da baƙi, ka sa ta a akwati, ka ɗaura mata kintinkiri ranar haihuwata."

Ya murza hularsa a hannu.

"Baba, a cikin abin nan ɗanka ya mutu. Ka ɗauke ni ka zaunar a wurin. Ka ɗaure min bel da hannunka."

"Na gyara ta. Duk inda ta lanƙwashe na yanke na sa sabo. Ta fi sabuwa ƙarfi."

"Ta fi sabuwa ƙarfi? Jiya saura kaɗan ta kashe ni a kwanar da ta kashe shi!"

"Waldata ba ta karyewa."

"Ga ta nan a karye!"

"Na ce waldata ba ta karyewa!"

Ya miƙe da ƙarfi har bokitin ya faɗi. Ya ɗauki sifana biyu ya durƙusa gaban tayar. Bron ta matso.

"Baba Merv, bar shi, ni zan cire, gwiwarka..."

"Matsa."

"Ai yankewa za a yi a jefar, ba sai ka wahala ba."

"Na ce matsa, yarinya."

Ta matsa.

Ya kwance notin, ya zaro rabin kunnen da ke lilo, ya goge shi da gefen rigarsa. Ya kai shi bakin taga inda rana ke shigowa.

Ya daɗe yana kallo.

Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Baba?"

"Jiya na hango shi ta ƙasa, na ce idona ne. Na kwana ina cewa idona ne."

"Me ka hango?"

"Zo."

Na je. Ya nuna min bakin karayar da farcensa.

"Nan sama, kin ga yadda ya yi gartsa-gartsa? Haka ƙarfe ke yi idan ya karye da kansa. Yanzu dubi ƙasa."

Ƙasan sumul yake, yana ƙyalli, da siraran layuka a jere. A gefen akwai wani baƙin abu mai danƙo da aka cusa.

Ko ni da ba na walda na san wannan. Na yanka bututun ƙofar shinge ya fi a ƙirga.

"Zarto," na ce.

"Zarto. An ci fiye da rabi ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, an toshe da baƙin danƙo. Zai riƙe a miƙaƙƙiyar hanya. Zai riƙe a ƙananan kwana. Sai an zo inda nauyin mota duka ke hawa tayar hagu."

"Kwana ta huɗu."

Ya gyaɗa kai.

Na juya na kalli Bron. Tana tsaye jikin tebur ta harɗe hannu, idonta a kan guntun ƙarfen.

"Wataƙila tun daga..." ta fara.

"Ni na ɗora kunnen nan," in ji Baba. "Lafiyarsa ƙalau ranar Alhamis, na duba."

Ya ajiye guntun a kan tebur. Sannan ya yi abin da ban gane ba. Ya jawo tsani, ya hau, ya miƙa hannu can bayan gwangwanayen fenti a kanta ta sama, ya sauko da wani tsohon gwangwanin biskit. Ya buɗe. Tsumma ne a ciki. Ya warware tsumman.

Guntun kunnen ƙarfe ne. Ruwan lemo.

Ya ajiye shi kusa da nawa.

Sama gartsa-gartsa. Ƙasa sumul, sai dai tsatsa ta ɗan ci.

Kamar hannu ɗaya ne ya yi su.

Na dafa tebur.

"Na Yaya ne?"

"Nasa ne."

"An ce kuskurensa ne. An ce ya shiga kwanar da gudu fiye da kima. Ka tsaya a coci ka ce haka Allah ya so."

"Na ce."

"Masu bincike ba su ga wannan ba?"

"Ba su gani ba. Kafin su iso an ajiye motar a rumfar fili, na ce a bar ni in shiga in ɗauko safar hannunsa. Na gan shi yana lilo kamar yadda naki ke yi yau. Na kwance na sa a aljihu. Guntun da ya rage a firam na sa guduma na daddake shi har ba a gane komai."

"Kai?"

"Ni."

"An kashe maka ɗa, ka ga shaida da idonka, ka sa a aljihu?"

Ya ɗauki tsumman yana murzawa.

"Wa kake karewa, Baba?"

Ya kalli ƙasa.

"Baba, wa kake karewa?"

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Ke."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Wa?"

"Ke, Tegan."

Wani abu ya toshe min kunne. Ina ganin bakinsa na motsi, maganar tana zuwa kamar daga cikin rijiya.

"Ana gobe tseren, kun yi faɗa. Ya bar miki tatsa ke kaɗai sati guda yana fama da mota. Har wajen shanu ina jin ki. Kika ce masa sai kin ga bayan motar nan."

"Magana ce! Fushi ne!"

"Da yamma ina dawowa daga dam na gan ki kin fito daga garejin nan. Da zarto a hannunki."



Na tuna. Wallahi na tuna.

"Ƙofar garken maruƙa," na ce. "Bututun ya lanƙwashe, maruƙa na fita. Na zo na ɗauki zarto na je na yanke. Kai da kanka ka ce in gyara ta!"

"Na sani."

"Ka sani?"

"Na je na duba. Na ga kin yanke bututun. Na ce to, na ƙofa ne. Sai in kwanta, wata zuciyar ta ce, mai yanka bututu ba zai iya yanka kunne ba? Ban taɓa cewa kin so ya mutu ba. Cewa na yi kin so motar ta lalace a gwaji, ya haƙura ya dawo wajen shanu. Yarinta. Na ce na rasa ɗaya, ba zan miƙa musu ɗayar ba."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Idan kika ce eh fa?"

Na kalli mutumin nan. Shi ya koya min tuƙin tarakta ina kan cinyarsa. Shi ya riƙe hannuna ranar aurena ya kai ni gaban coci. Kullum da safe mu sha shayi tebur ɗaya, ya miƙo min sukari, ashe yana kallon hannuna yana tunanin zarto.

Sai wani tunani ya zo min wanda ya fi wannan muni.

"Motar," na ce. "Ba don ka kasa rabuwa da ita ba ne ka ba ni."

"Na kasa rabuwa da ita."

"Ba shi kaɗai ba ne. Faɗi."

"Tegan..."

"Faɗi, Baba!"

Ya share fuska da tafin hannu.

"Na so in ga fuskarki. Na ce idan ke ce, jikinki zai gaya miki. Za ki gane ta ko da fenti goma aka shafa. Za ki ƙi zama."

"Na kuma zauna."

"Kika zauna kina dariya, kika ce in ɗauke ki hoto."

"Sai ka yarda ba ni ba ce?"

Bai amsa da wuri ba. Wannan jinkirin ya fi duk abin da ya faɗa ciwo.

"Wata rana in yarda," ya ce. "Wata rana in ce kin iya ɓoyewa ne."

"Har jiya."

"Har jiya. Ba wanda zai yanka motar da zai zauna a ciki."

Ya miƙo hannu zai taɓa ni. Na ja baya.

"Kada ka taɓa ni."

"'Yata..."

"Ba yanzu ba. Wallahi ba yanzu ba."

Ba lokacin kuka ba ne. Abu ɗaya ne ya tsaya min a kai: duk shekarun da Baba ya yi yana zargina, mai zarton yana yawo abinsa. Yana cin abinci. Yana barci. Ya kuma dawo.

"Alhamis ka duba," na ce. "Asabar da safe muka ɗora ta a tirela. Tsakanin nan tana ina?"

"Nan. A kulle."

"An fasa kwaɗon?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Makulli nawa ne?"

"Uku. Nawa, naki..."

Ya tsaya.

"Da na Murray," na ƙarasa masa.

Murray mijina ne. Tun da sassafe ya fita, ya ce zai je wajen wani abokinsa a garin Sale ya karɓo min tayoyi.

"Kada ka fara," na ce. "Ka gama da ni yanzu ka koma kan mijina?"

"Ban ce komai ba."

"Idonka ya ce."

"Tambaya ɗaya zan yi. Lokacin Jarrod, wa ke canja masa taya a fili?"

"Murray. Abokinsa ne, kowa ya sani. Shi ya ɗauki akwatin gawarsa ta gaba."

"Yana da makulli a lokacin?"

Na so in ce a'a.

Yaya Jarrod da kansa ya yanka masa makullin. Ina wurin.

"Makulli ba shaida ba ne," na ce. "Rataye yake a kicin ɗinmu, kowa na iya ɗauka. Masu shiga gidan nan suna da yawa. Bron ma ai tana shiga, ko ba haka ba, Bron?"

Ba amsa.

Na juya.

Babu kowa jikin teburin. Injin yankanta na nan a ƙasa, wayarsa a jone. Ƙaramar ƙofar baya a buɗe, iska na kaɗa ta.

"Yaushe ta fita?"

"Ban lura ba," in ji Baba.

Sai ya kalli tebur. Na bi idonsa.

Gwangwanin biskit na nan. Tsumma na nan.

Guntayen ƙarfen babu. Baƙin babu, mai ruwan lemon babu.

Baba ya yunƙura zai fita, na riƙe masa riga na sa yatsa a baki. Na leƙa ta taga. Akori-kurarta na tsakar gida inda ta bar ta. Ba ta tafi ba ke nan.

Na cire takalmina na fita ta ƙofar baya da safa. Ciyawa da raɓa. Na bi jikin bangon kwano a hankali har kusurwar da babban tankin ruwan sama yake.

Muryarta na fara ji, ƙasa-ƙasa, da sauri.

"...ban samu na yanke ba, ta hana ni. A'a. A'a, ka saurare ni. Sun gani."

Na manne da tankin. Sanyinsa ya ratsa min kafaɗa.

"Tsohon ya ajiye na farkon. Eh, na Jarrod. Duk shekarun nan yana cikin gwangwani a saman kanta, mu muna zaune. Duka biyun suna aljihuna yanzu."

Ta tsaya tana sauraro.

"Kada ka dawo gida tukuna. Sun fara lissafin makulli."

Na danne bakina da hannu.

Sai muryarta ta karye, ta koma kamar mai kuka.

"Ni dai na gaya maka tun farko. Ba da ita muka yi ba. Ba mu taɓa yi da kai za a taɓa Tegan ba."

Ban san na matsa ba. Gwiwata ta bugi bokitin da ke ƙarƙashin famfon tankin, ya kife a kan dutse.

Bron ta leƙo.

Muka haɗa ido. Wayar ta zame daga kunnenta, tana riƙe da ita a tsakaninmu, hannunta ɗaya cikin aljihu.

Daga cikin wayar muryar mijina ta fito tar.

"Bron? Waye a wurin?"